Muryar da ke Cikin Hadari: Tambayoyi da Amsoshi kan Ikon Allah Bisa Halitta a Littafin Zabura

Da zarar shamuwa ta sauka, gabas ta fara yin baƙi da yamma, tambayoyin da 'yan'uwa ke kawowa wurin binciken Littafi Mai Tsarki sai su sauya. Wanda guguwa ta yaye wa kwano yana da tasa, manomin da shukarsa ta ƙone bayan ruwan farko yana da tasa, ɗalibin da ya dawo hutu daga makaranta shi ma da tasa. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da abin da nakan amsa. Ka ajiye Littafinka a buɗe kusa da kai, don ba zan kwafo ayoyin ba, ma'anarsu zan riƙa faɗa.

Waɗanne surori na Zabura ne suka fi magana a kan wannan?

A cikin waƙoƙi 150 da ke littafin, da wuya ka wuce shafi biyu ba ka ci karo da ruwa, dutse ko iska ba. Amma waɗanda batun ya cika su sune Zabura 8, 19, 29, 65, 93, 104, 147 da 148. Akwai kuma waɗanda zancen ke faɗowa a tsakiyarsu ba zato: 18, 46, 74, 77, 89, 107, 114 da 135. Wannan rukuni na biyu nake so mai karatu ya fi lura da shi. Da yawansu ba waƙar murna ba ne, kuka ne na mutumin da abin duniya ya sha wa kai.

Me Zabura 29 take nufi da "muryar Ubangiji"?

Tsawa take nufi, kai tsaye. Sau bakwai aka ambaci muryar Ubangiji a cikin ayoyi 11 kacal, sunan Ubangiji kuwa sau 18. In ka karanta ta da ƙarfi za ka ji kamar rugugin hadari ne yake matsowa.

Waƙar tana bin hadari guda ɗaya tun daga tasowarsa har faɗuwarsa. A wurinmu hadarin damina daga gabas yakan taso, amma a ƙasar Isra'ila daga yamma yake zuwa, daga Bahar Rum. Shi ya sa aya ta 3 ta fara da murya a bisa manyan ruwaye. Daga nan hadarin ya hau tudu ya faɗa wa itatuwan al'ul na Lebanon, waɗanda a zamanin babu katakon da ya kai su daraja, da su Sulemanu ya gina Haikali. Zabura ta ce muryar tana kakkarya su. Sai duwatsu: Lebanon da Siriyon suna tsalle kamar ɗan maraƙi. Siriyon shi ne Dutsen Harmon, haka Sidoniyawa ke kiransa in ji Maimaitawar Shari'a 3:9, kuma tsayinsa ya kai mita 2,814. Ka auna, dutse irin wannan ana kamanta shi da maraƙin da aka kwance wa igiya. Bayan haka walƙiya, sai jejin Kadesh ya girgiza, kurmi ya zama tsirara.

To ina mutanen Allah suke duk wannan lokaci? Suna cikin Haikali, kowa yana cewa "Ɗaukaka!" Aya ta 10 ta ce Ubangiji yana zaune bisa rigyawa yana sarauta, kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita kuwa ita ce ta ruwan tsufana na zamanin Nuhu, babu inda ta sake fitowa sai a Littafin Farawa. Kalma ta ƙarshe a waƙar duka, bayan wannan rugugi, ita ce salama. Wanda ya taɓa fita tsakar gida bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, ya ji ƙamshin ƙasa da kukan kwaɗi, ya san abin da ake nufi.

Na ji an ce Isra'ilawa aron waɗannan kalmomi suka yi daga masu bautar Ba'al. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. A 1929 aka fara tono a Ras Shamra da ke gaɓar tekun Siriya, inda tsohon birnin Ugarit yake, aka samo allunan yumɓu masu rubutu. A cikinsu ana yi wa Ba'al, gunkin ruwan sama na Kan'aniyawa, kirari da mahayin gizagizai, ana cewa tsawa muryarsa ce, shi ne ya yi yaƙi da teku ya ci nasara. Sai ga Zabura 104:3 tana cewa Ubangiji ya mai da gizagizai karusarsa.

Amma dubi abin da aka yi da aron. Manomin Isra'ila ba shi da kogi irin Nilu da zai yi ban ruwa da shi. Maimaitawar Shari'a 11:10-14 ta faɗa masa tun farko cewa ƙasar da zai shiga ruwan sama take sha. Daga wajen Oktoba zuwa Afrilu ake ruwa, daga Mayu zuwa Satumba kuwa da ƙyar ake ganin ɗigo. Duk shekarar da ruwan farko ya yi jinkiri, maƙwabcinsa Bakan'ane zai ce masa ya zo su kai wa Ba'al hadaya. Jarabar da ta fi kowace ƙarfi ke nan a Tsohon Alkawari, ita ce kuma ta kai Iliya Dutsen Karmel a 1 Sarakuna 18. Mawaƙan Zabura sai suka ɗauki kirarin da ake yi wa gunki, suka tuɓe masa, suka mayar wa mai shi. Kamar a kama mutum sanye da alkyabbar sarki a kasuwa, a karɓe a kai fada. Ambaton sunan Ubangiji sau 18 a Zabura 29 ba yawan magana ba ne, gardama ce: ba Ba'al ba, Ubangiji.

Me ya sa ake yawan nuna teku kamar abokin gaba? Mene ne kuma Lewiyatan?

Isra'ilawa mutanen tudu ne, makiyaya da manoma. Sana'ar jirgin ruwa ta mutanen Taya da Sidon ce. A wurin Ba'isra'ile teku shi ne abin da ba ya jin magana, ba shi da iyaka, yana haɗiye mutum ba a ga kabarinsa ba. Don haka in ana so a faɗi iyakar ikon Allah sai a ce ya tsawata wa teku. Zabura 93 ta ce rigyawa ta ɗaga murya, amma Ubangiji ya fi ƙugin ruwaye ƙarfi. Zabura 104:9 ta ce ya shata wa ruwa iyakar da ba zai ƙetare ba. A Zabura 114 har ba'a ake yi wa teku, ana tambayarsa me ya same shi da ya ruga a guje, ana tambayar Urdun me ya sa ya juya da baya.

Lewiyatan dodon ruwa ne, kuma sau biyu ya fito a Zabura, cikin kama biyu dabam. A 74:14 yana da kawuna da yawa, Allah ya murƙushe su. A 104:26 kuwa halitta ce kawai da Allah ya yi don ta yi wasa a cikin teku, jiragen ruwa suna wucewa ta gefenta. Abin da al'ummai ke rawar jiki a kansa ya zama kamar ɗan akuya a tsakar gida.

Kada a manta da inda Zabura 74 ta fito. An ƙone Haikali, abin da ya faru sa'ad da Babila ta ci Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Mawaƙin ya ce an shiga da gatari ana sassare katako, babu annabi, babu wanda ya san ranar ƙarewar abin. A tsakiyar wannan toka ne ya tsaya ya ce: kai ka raba teku, rana taka ce, dare naka ne, kai ka yi rani da damina. Ba yana koyar da labarin ƙasa ba ne. Hujja yake kafa wa Allah: wanda ya iya wancan, me ya hana shi wannan? Haka Zabura 77 take, ta mutumin da barci ya ƙaurace wa. Haka ma 89, wadda ta yabi mai kwantar da raƙuman ruwa a aya ta 9, sannan daga aya ta 38 ta juya tana ƙorafi.

In tsawa ta faɗa wa mutum, ko ambaliya ta ci gari, hukuncin Allah ne a kansu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi zafi, kuma da yawa sun riga sun yanke amsa kafin su yi ta. Mun tashi muna jin ana rantsuwa da aradu, ana cewa kwarankwatsa ba ta faɗa wa mai gaskiya. Sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024 ruwa ya mamaye unguwannin Maiduguri, tun ba a gama kwashe mutane ba wasu suka fara lissafa zunuban garin daga nesa. Ruwa ba ya tsami banza, in ji su.

Ba zan ce Zabura ba ta san hukunci ta hanyar halitta ba. Zabura 78 da 105 sun lissafa annoban Masar, har da ƙanƙarar da ta lalata kurangar inabi. Zabura 107:33-34 ta ce Allah yakan mai da ƙasa mai albarka ta zama ta gishiri saboda muguntar mazaunanta. Yana nan a rubuce.

Amma a karanta Zabura 107 ɗin tun daga farko. Mutane iri huɗu ne suka shiga uku a cikinta: waɗanda suka ɓace a hamada, waɗanda ke kurkuku, marasa lafiya, da matuƙan jirgin ruwa. Na biyu da na uku an faɗi laifinsu a fili, a aya ta 11 da ta 17. Na farko da na huɗu fa? Ko kalma ɗaya ta laifi babu. Matuƙan nan neman abincinsu suka fita. Kuma su biyun da ba a ɗora wa laifi ba, su ne waɗanda halitta ta tasar wa, hamada da teku. Duka huɗun kuka ɗaya suka yi, ceto ɗaya aka yi musu. Zabura 44:17 ma ta fito fili ta ce duk wannan ya same mu alhali ba mu manta da kai ba.

Annoban Masar kuwa an san hukunci ne saboda an aiko Musa ya faɗa tun kafin su zo. Wanda ya tashi bayan ambaliya yana bayyana dalilin Allah, wa ya aike shi? Abokan Ayuba ma haka suka yi, da ayoyinsu daidai da komai, Allah ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Yesu kansa ya ɗauko zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, a Luka 13:4-5, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba, ya juya maganar tuba a kan masu sauraronsa. In ambaliya tana da wa'azi, to ga wanda ke tsaye a kan tudu take yi wa.

Akwai aya guda da nakan koma wa a nan, Zabura 77:19. Hanyar Allah ta bi ta cikin teku, amma ba a ga sawunsa ba. Ruwa ba ya riƙe sawu.

A makaranta an koya mana yadda ruwan sama ke samuwa. Shin kimiyya ba ta ƙaryata Zabura ba?

Abin da aka koya maka daidai ne. Iska mai laima daga Tekun Atlantika tana turowa arewa, ta kawo mana damina. In ta ja da baya, busasshiyar iskar Sahara ta sauko da hunturu. Hukumar NiMet, mai lura da yanayi a Najeriya, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, manomi mai hankali kuma yana saurara. Zabura 135:7 da ta ce Allah yana tayar da gizagizai daga iyakar duniya, yana fito da iska daga rumbunansa, ba gasa take yi da wannan bayani ba. Ɗaya yana faɗin yadda abin ke gudana, ɗayan yana faɗin wanda ke riƙe da shi. In an tambayi wanda ya ɗinka riga, "keke" amsa ce, "tela" ma amsa ce.

Matsala tana zuwa ne in aka tilasta wa waƙa ta zama littafin lissafi. Zabura 93:1 da 104:5 sun ce duniya a kafe take ba za ta jijjigu ba, kuma irin waɗannan ayoyi na cikin abin da aka kafa hujja da shi a rikicin da ya kai ga gurfanar da masanin taurari Galileo a Roma a 1633, don ya ce duniya ce ke kewaya rana. Ai littafin da ya ce duwatsu sun yi tsalle kamar raguna, koguna suna tafi, rana kuma ango ne da ya fito daga ɗakinsa, ya riga ya gaya maka irin maganar da yake yi.

Wani abu da na lura da shi: mu ne muke raba "mu'ujiza" da "abin yau da kullum", Zabura ba ta raba su. A Zabura 104 zaki yana ruri da dare yana roƙon abincinsa wurin Allah, rana ta fito ya koma kogonsa, mutum kuma ya ɗauki kayan aikinsa ya fita har yamma. Rema tana cikin duwatsu, shamuwa tana da gidanta a kan itace. Babu teku da aka raba a nan, amma a ƙarshen wannan waƙa ce kalmar Halleluya ta fara fitowa a cikin littafin duka.

Mece ce dangantakar waɗannan waƙoƙi da Yesu?

Ka ajiye Zabura 107:23-30 kusa da Markus 4:35-41 ka karanta su a jere. Iska ta taso, jirgi yana tangaɗi, gwanintar matuƙa ta ƙare, suka yi kuka, aka kwantar da hadarin. Tekun Galili tafki ne da ke kimanin mita 210 ƙasa da matakin teku, tuddai sun kewaye shi, iska takan gangaro masa farat ɗaya. Almajiran kuwa, aƙalla huɗu daga cikinsu masunta ne, ba baƙin ruwa ba.

Abin mamaki shi ne sun fi tsorata bayan da ruwan ya kwanta. Dalili, sun san Zabura. Sun san wanda aka ce yana kwantar da raƙuman ruwa a 65:7 da 89:9, kuma ba annabi ba ne. Iliya addu'a ya yi aka yi ruwa. Musa sanda ya miƙa bisa umarni. Wannan kuwa bai roƙi kowa ba, tsawatawa ya yi. Shi ya sa suka tambayi juna wane ne wannan. Har tashinsa da suka yi daga barci suna cewa bai damu ba za su hallaka, yana da 'yar'uwa a Zabura 44:23, inda ake ce wa Allah ya farka, don me yake barci.

Kakata takan buɗe Littafi a Zabura 91 ta ajiye a ɗaki in ana tsawa. Laifi ne?

Allah ya ƙara wa Kaka lafiya, kada ka je ka rufe mata Littafinta. Amma ka zauna ka karanta mata shi da murya, ya fi a bar shi a buɗe yana shan ƙura. Takarda ba laya ba ce. Wanda ya fara mai da Zabura 91 lamuni na cewa ba abin da zai same ka ko me ka yi, Shaiɗan ne, a Matiyu 4:6, amsar da ya samu kuma ita ce kada a gwada Ubangiji. In hadari ya same ka a gona kada ka fake a gindin doguwar bishiya, kada ka tsaya a fili da garma a kafaɗa. Ka yi addu'arka kana tafiya.

In Allah ne ke riƙe da ruwa da iska, mu ina namu aikin?

Zabura 115:16 ta ce sammai na Ubangiji ne, duniya kuwa ya ba 'yan adam. Zabura 8 ta ce ya sa tumaki, shanu, namomin jeji, tsuntsaye da kifaye a hannun mutum. Zabura 24:1 kuma ta tuna masa cewa riƙo aka ba shi, ba mallaka ba. Ko a Zabura 65, wadda ake so a ranar godiyar kaka, Allah ne ke shayar da kunyoyi yana tausasa ƙasa da yayyafi, amma wani ne ya yi huɗar.

Saboda haka wanda ya cika magudanar ruwa da leda da shara duk rani, ko ya gina gida a hanyar ruwa, ba shi da bakin cewa ikon Allah ne in ruwa ya shigo ɗaki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka wanda ya sare dajin garinsu ya yi gawayi. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon kututturen itace a gonakinsu suna yi masa aski maimakon ƙone shi, gawo da sauran itatuwa suka dawo a miliyoyin hekta. Zabura 104:30 ta yi maganar Allah yana sabunta fuskar ƙasa. A can an ga yadda hakan ke kama, da 'yar wuƙa da haƙuri.

Mu da ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, yaya za mu fahimci Zabura 147?

Mawaƙin ya riga ya sauƙaƙa: tana sauka kamar ulu, jaura tana bazuwa kamar toka, ƙanƙara kuma kamar gutsattsarin gurasa. A Urushalima ma ba kowace shekara ake ganin dusar ba. Ƙanƙara dai mutanen Filato sun san ta sarai. Abin da ya fi muhimmanci a waƙar yana aya ta 3 da ta 4: wanda ke ɗaure raunin masu karyayyar zuciya, shi ne ke ƙidaya taurari yana kiran kowanne da sunansa, a numfashi ɗaya.

Ruwa ya ɗauke mana bayan mun yi shuka. Me za mu karanta in mun taru roƙon ruwa?

Ku fara da Zabura 143:6 da 63:1, inda rai ke ƙishin Allah kamar busasshiyar ƙasa, don abin da ke gabanku ke nan. Kada ku ji kunyar 74 da 77; ƙorafi a gaban Allah ba rashin bangaskiya ba ne, shi ya sa a rubuta shi a cikin littafin waƙarsa. Ku karanta 65 kuna tuna abin da ya saba yi. In akwai mai sauran iri a rumbu, a sanar a wurin taron, saboda waɗanda za su sake shuka.

Ku rufe da 126. Aya ta 4 tana roƙon Allah ya komo da mutanensa kamar rafuffukan Negeb. Negeb busasshiyar ƙasa ce a kudancin Isra'ila, rafuffukanta kuwa irin koramun da muka sani ne, yawancin shekara yashi ne zalla, akuya na kiwo a ciki. Sai a yi ruwa can kan tuddai inda ba ka gani ba, kana tsaye sama garau, ka ji ƙugi yana tahowa. Aya biyu na ƙarshe na mutumin da ya fita da irin shuka yana kuka ne, kuma duk wanda ya taɓa ɗiban hatsin da ya rage a gida ya kai gona karo na biyu, yara suna kallonsa, ba ya bukatar a fassara masa kukan.